Mike Martin na Florida State: shekara 40, nasara 2,029, babu kofin ƙasa

Tambaya: Na ci karo da labarin wani kocin besbol na jami'a a Amurka mai suna Mike Martin. Wai shekara 40 ya yi yana horar da ƙungiya ɗaya, bai taɓa cin kofin ƙasa ba, amma ana kiransa gwarzo har an sa wa filin wasa sunansa. Mu da muka saba da ƙwallon ƙafa, inda kaka biyu babu kofi ta isa a sallami koci, yaya za mu fahimci wannan? Gwani ne da gaske, ko kuwa masu haƙuri ya samu?

Amsa:

Malam, abin da ka karanta haka yake. Mike Martin ya riƙe ƙungiyar besbol ta Jami'ar Jihar Florida, wadda aka fi sani da Florida State, daga 1980 zuwa 2019. Ya ci wasa 2,029, an cinye shi 736, an yi kunnen doki sau 4. Babu wani kocin besbol na jami'a da ya kai shi yawan nasara. Ya kai ƙungiyarsa gasar ƙarshe ta ƙasa sau 17, kuma sau 17 ɗin nan hannu rabbana ya koma gida. Amsata ita ce gwani ne, gwanin gaske ma, amma ba a fannin da kake auna shi ba. Sai dai ba zan wanke shi tas ba, domin a ganina rashin kofin nan ba rashin sa'a ba ne kawai.

Sai ka fara sanin yadda wasan yake tafiya kafin alƙaluman su yi maka ma'ana. Kowace ƙungiya mutum tara take sakawa a fili. Wasa zango tara ne, a kowane zango ƙungiya ɗaya tana bugu har sai an fitar da mutum uku nata, sannan a yi musanya; idan zango taran sun ƙare maki na daidai, sai a yi ta ƙara zango. Mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai bugu yana ƙoƙarin maka mata sanda ya zagaya tashoshi huɗu ya dawo gida, wanda shi ne maki ɗaya. Abin da ya raba besbol da ƙwallon ƙafa, kuma shi ne tushen duk maganar da zan yi, shi ne mai jifa. Mutum ɗaya ne yake riƙe da rabin wasan a hannunsa, kuma ba ya iya yi kullum. Wanda ya yi jifa ɗari a yau, kafaɗarsa da gwiwar hannunsa sai sun huta kwanaki, a jami'a ma yawanci sau ɗaya a mako yake fara wasa. Saboda haka ƙungiyar da ka gani ranar Juma'a da gwaninta na ɗaya, ba ita ce za ka gani ranar Lahadi da na uku ba, ko da sauran mutum takwas ɗin ba su canja ba. Shi ya sa ƙaramar ƙungiya mai gwanin jifa guda take iya kayar da babba a kowace rana. A gasar ƙwararru ta Amurka, ƙungiyar da ta ci kashi 60 cikin ɗari na wasanninta ta yi kaka mai kyau ƙwarai. Ƙungiyar Seattle Mariners ta 2001, wadda ta ci 116 cikin 162, har yau ana ba da labarinta, kuma kashi 72 bai cika ba. Martin ya ci kashi 73 cikin ɗari, a tsawon shekara 40. Gaskiya ne tazarar da ke tsakanin ƙungiyoyin jami'a ta fi ta ƙwararru faɗi, zan dawo kan wannan, amma ka riƙe adadin.

Shi mutumin an haife shi ranar 12 ga Fabrairu 1944 a jihar Carolina ta Arewa. Ya fara karatu a ƙaramar kwalejin Wingate, ya koma Florida State a birnin Tallahassee inda ya buga a 1965 da 1966 a matsayin mai tsaron tsakiyar fili, har ya je gasar ƙarshe ta ƙasa a 1965 yana ɗan wasa. Ya ɗan taɓa ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin New York Mets da Detroit Tigers, bai kai babbar gasa ba, sai ya dawo Tallahassee yana koyarwa a makarantu, yana horar da ƙwallon kwando. A 1975 ya zama mataimakin Woody Woodward a tsohuwar jami'arsa, a 1979 ya yi aiki ƙarƙashin Dick Howser. Howser kaka ɗaya ya yi, New York Yankees suka ɗauke shi, kujerar ta faɗo wa Martin yana da shekara 35 da 'yan kai. Lambar rigarsa 11, kuma da ita kowa yake kiransa a garin, daga 'yan wasa har masu sayar da abinci a bakin fili. A kakarsa ta farko ya ci wasa 51 ya je gasar ƙarshe.

To, ga inda gwanintar take. A cikin kaka 40 ɗin nan babu ko ɗaya da ya ci ƙasa da wasa 40, kuma babu ko ɗaya da bai sami gurbi a gasar ƙasa ta hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ba. Idan ka raba 2,029 gida 40 za ka ga kusan 51 ne a kowace shekara. Wanda bai san tsarin jami'a ba zai ce ai ƙungiya mai ƙarfi ya gada, sai ya yi ta ci. Amma a jami'a babu ƙungiyar da take daɗewa. Ɗan wasa shekara huɗu kawai doka ta ba shi, kuma gwanayen ba sa cika huɗun. Dokar zaɓen 'yan wasa ta ƙwararru ta ce wanda ya shiga jami'a mai shekara huɗu ana iya ɗaukarsa bayan shekararsa ta uku ko idan ya cika 21. Ke nan daidai lokacin da yaro ya nuna, koci ya gama wahalar gyara masa bugu da jifa, lokacin ne za a zo a ɗauke shi. Kamar makiyayi ne da duk shekara ake zuwa a kwashe manyan ragunansa gab da Sallah, kuma ana son garken ya ci gaba da zama na ɗaya a kasuwa. Akwai ma wata asarar tun kafin nan: yaron da koci ya yi shekara biyu yana zawarci tun yana sakandare, ya amince har ya sa hannu, sai ƙwararru su zaɓe shi su zube masa kuɗi, ko ƙofar aji ba zai taka ba. Idan ka lissafa, Martin ya rushe ƙungiya ya sake gina wata fiye da sau goma, kuma ba a taɓa ganin shekarar da ginin ya zube ba.

Sannan ga ƙarancin abin da zai ba su. Tun farkon shekarun 1990 har ya yi ritaya, NCAA ta ƙayyade wa besbol tallafin karatu na mutum 11.7 kacal, ƙungiya kuwa ta haura mutum 30. A lokacin, ƙwallon ƙafar Amurka a jami'a guda tana da 85, cikakku. Kocin besbol sai ya zauna da alƙalami yana yanka tallafin nan gunduwa-gunduwa, wannan rabi, wancan rubu'i, yana lallashin iyaye su cika sauran daga aljihunsu. A nan jihar Florida ta taimake shi, domin daga 1997 ta fito da tallafin karatu na Bright Futures, wanda ake biya daga kuɗin cacar jiha, ga ɗaliban jihar masu kyakkyawan sakamako. Yaro ɗan Florida mai ƙoƙari a aji zai iya zuwa da nasa tallafin, koci ya adana nasa kason don wani. Amma jami'o'in Florida da Miami ma a tafki ɗaya suke kamun kifi da shi, kuma ba su da wasa.

Idan ana maganar idon koci, misalin da na fi so shi ne Buster Posey. Ya zo Tallahassee a matsayin mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, kuma ya yi kyau a wurin a shekararsa ta farko, 2006. Babu wanda zai zargi koci idan ya bar shi a nan. Martin da mataimakansa suka mayar da shi mai tsugunno bayan mai bugu yana cafe jifa, wurin da ya fi kowane wahala a filin, wanda yaron bai saba da shi ba. A 2008 ya ci lambar Golden Spikes ta gwarzon ɗan wasan da bai shiga ƙwararru ba, San Francisco Giants suka ɗauke shi na biyar a zaɓen shekarar, ya ci kofin ƙwararru da su a 2010 da 2012 da 2014, duk a wannan sabon gurbin. A wani wasa da Savannah State a Mayun 2008 ma Martin ya bar shi ya zagaya duk gurabe tara na filin a wasa ɗaya. Posey shi ne na huɗu da ya ci Golden Spikes a hannunsa, bayan Mike Fuentes a 1981, Mike Loynd a 1986 da J.D. Drew a 1997. Drew a waccan kakar ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, bugun da ke ba da maki kai tsaye, sau 31, ya kuma saci tasha, wato ya ruga zuwa ta gaba ba tare da jiran bugu ba, sau 32, abin da ba a taɓa haɗawa ba a babban rukunin jami'o'i kafin shi. Deion Sanders da Jameis Winston, waɗanda duniya ta sani da ƙwallon ƙafar Amurka, su ma sun buga masa besbol. Kevin Cash da ya daɗe yana jagorantar Tampa Bay Rays ɗalibinsa ne, haka Cal Raleigh na Seattle.

Salon wasansa haƙuri ne a wurin bugu. A besbol idan mai jifa ya kauce wa gurbin da doka ta yanke har sau huɗu, mai bugu yana wucewa tasha ta farko kyauta. Martin ya koya wa yaransa kada su kai sanda ga jifar da ba tasu ba, su bar mai jifa ya gaji da kansa. Shekara da shekaru Florida State tana cikin na gaba-gaba a ƙasar wajen samun irin wannan wucewar. Mai jifa ɗan shekara 19 da hannunsa ke rawa, ga 'yan kallo suna ihu a kansa, sai ya cika tashoshi da mutane ba tare da an buga masa komai ba, bugu ɗaya kuma ya kwashe su duka. Filin nasu ma ya dace da wannan, domin ɓangaren dama gajere ne, an kafa masa doguwar raga. Idan abin ya kama, ba kyan gani: a Mayun 1999 Marshall McDougall shi kaɗai ya tsallake katanga sau shida a wasa ɗaya da Maryland, ya shigo da maki 16, aka tashi 26 da 2. A 2009 sun lallasa Ohio State 37 da 6, a cikin gasar ƙasa fa, ba wasan sada zumunci ba.

Yanzu mu zo Omaha, inda ciwon yake. Gasar ƙarshe, College World Series, tun 1950 a birnin Omaha na jihar Nebraska ake yin ta, kuma ƙungiya takwas kawai ke zuwa. Daga 1999 hanyar zuwa ta zama haka: ƙungiya 64, a kasa su rukuni 16 na huɗu-huɗu, zakarun rukunin su kara bibbiyu wanda ya fara cin wasa biyu ya wuce, takwas ɗin da suka rage su tafi Omaha. A can duk wanda aka cinye sau biyu ya tattara kayansa. Daga 1988 zuwa 2002 ma wasan ƙarshe guda ɗaya ne tak, sai a 2003 aka mayar da shi wanda ya ci biyu cikin uku. Ka tuna abin da na faɗa kan mai jifa. A kaka ta yau da kullum kana da mako guda ka huta da gwanayenka. A Omaha, da zarar an cinye ka sau ɗaya ka faɗa layin masu neman tsira, inda za ka yi ta buga wasa a jere, har ka kai ga mai jifanka na huɗu da na biyar, alhali wanda bai faɗi ba yana zaune a otal yana hutawa.

Abin da ya faru a 1999 ke nan, shekarar da ƙiris ya rage. Stanford ta cinye su a wasa na biyu. Suka fitar da Cal State Fullerton, suka dawo suka doke Stanford sau biyu, na biyun 14 da 11 bayan zango 13. Washegari suka shiga wasan ƙarshe, wasansu na shida, da Miami wadda na huɗunta ke nan kuma ba a cinye ta ko sau ɗaya ba. Aka tashi 6 da 5. Maki ɗaya. Kocin Miami na ranar, Jim Morris, tsohon mataimakin Martin ne a farkon shekarun 1980, kuma McDougall aka ba lambar gwarzon gasar duk da ƙungiyarsa ce ta faɗi. Ɗaya wasan ƙarshen da ya kai, na 1986, babu wani ƙiris a cikinsa: ƙungiyar da ta ci wasa 61 a kakar ta haɗu da Arizona ta sha kashi 10 da 2.

Masu kare shi sukan ce Omaha caca ce, kuma suna da hujja. Fresno State ta ci kofin 2008 bayan ta shigo gasar a matsayin ta huɗu, wato ta kashin baya, a rukuninta. Coastal Carolina ta ci na 2016 a zuwanta na farko. Ƙungiyar da masu jifanta biyu suka yi zafi na mako biyu tana iya wuce kowa. Na yarda da wannan, amma lissafin ba ya tsaya musu har ƙarshe. Idan da ƙuri'a ake jefawa tsakanin ƙungiya takwas, wanda ya je sau 17 ya kamata a ce ya ci kamar sau biyu. Yiwuwar ya tashi babu ko ɗaya kusan ɗaya cikin goma ce. Tana faruwa, amma ba ta isa a rufe magana da ita ba, musamman da yake a wasu shekarun ba ɗaya daga cikin takwas ba ne kawai, shi ne ake ganin ya fi kowa. A 2002 ƙungiyarsa ta ci wasa 60, aka ɗora ta a matsayi na ɗaya a ƙasar, Notre Dame ta zo har gida ta hana ta zuwa Omaha ma. A 2003 aka sake ɗora ta na ɗaya, Texas ta yi mata irin wannan. Daga 2001 zuwa 2007 ƙafarsa ba ta taka Omaha ba.

Ra'ayina, kuma ra'ayi ne, shi ne salon da ya sa bai taɓa faɗuwa ƙasa da 40 ba, shi ne ya rage masa kaifi a mako biyun ƙarshe. Jiran mai jifa ya yi kuskure dabara ce da ke cinye matsakaitan ƙungiyoyi kusan kullum, kuma yawancin wasannin kaka da matsakaita ake yin su. A Omaha kuwa wanda ke gabanka yaro ne da ƙwararru suka riga suka zaɓa, ba ya kauce wa gurbi, idan ka tsaya jira sai ka iske an ƙirga maka biyu cikin jifa ukun da ke fitar da mai bugu kafin ka ɗaga sanda. Filayen can ma ba irin na gida ba ne, musamman sabon da aka koma a 2011, wanda yake da faɗi kuma iska takan turo ƙwallo baya, ga shi a shekarar aka canja dokar sandunan ƙarfe aka rage musu ƙarfi. Bugun da zai tsallake raga a Tallahassee, a can hannun mai tsaro yake faɗawa. Kwatanta shi da Augie Garrido, wanda ya ci kofi biyar, uku da Cal State Fullerton a 1979 da 1984 da 1995, biyu da Texas a 2002 da 2005. Garrido ya shahara da sadaukar da mai bugu don a tura na kan tasha gaba, a tatsi maki ɗaya da ƙarfin tsiya, a bar wa masu jifa da masu tsaro sauran aikin. Wasa ne marar daɗin kallo, amma shi ake bukata ranar da maki biyu za su raba gardama. Skip Bertman na Jami'ar Jihar Louisiana, LSU, ya ci biyar tsakanin 1991 da 2000 ta wata hanyar dabam, da ƙarfin bugu, a zamanin da sandunan ke da zafi har wasan ƙarshe na 1998 ya tashi 21 da 14. Saboda haka ba na cewa hanya ɗaya ce. Ina cewa ne waɗannan biyun sun sami abin da ke ci a Omaha ta zamaninsu, Martin bai samu ba. Da za a ce in zaɓi koci don wasa ɗaya, Garrido zan ɗauka. Da za a ba ni jami'a a ce in damƙa ta ga mutum ɗaya na shekara 30, ba zan yi dogon tunani ba, Martin ne.

Akwai kuma ragin da ya kamata a yi wa adadin nan na 2,029, don kada a kambama shi fiye da kima. Kakar jami'a a watan Fabrairu take farawa, lokacin da arewacin Amurka ke cikin ƙanƙara. Ƙungiyoyin arewa sukan sauko kudu su buga makonnin farko a gidan wasu, ba su ko taɓa atisaye a kan ciyawa ba. Florida State ta ci wasanni da yawa a irin wannan yanayi, a gidanta. Ba banza ba rabon da wata ƙungiya daga Big Ten na asali, rukunin manyan jami'o'in arewa, ta ci kofin tun Ohio State a 1966. Sannan a shekarun 1980 babu iyakar wasa 56 da aka sa daga baya, ƙungiya takan buga 70 har 80, Wichita State ma ta ci 73 a 1982. Rukunin Metro da Martin ya fara a ciki bai kai rukunin ACC da suka koma a 1992 ƙarfi ba. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai rana iri ɗaya ce take haska Florida da Miami da Texas da Arizona State da LSU, kuma kowaccensu ta ga shekarar da ta zauna a gida ana gasar ƙasa a tsakanin 1980 da 2019. Shi bai gani ba.

Batun me ya sa ba a kore shi ba, sai ka cire tunanin kulob ɗin ƙwallon ƙafa daga ranka. A jami'ar Amurka kuɗi daga ƙwallon ƙafarsu da ƙwallon kwando yake fitowa, wutar da ke kan kocin besbol ba ta kai tasu ba. Abin da shugabanni ke so daga gare shi shi ne fili ya cika, yara su yi karatu kada su jawo abin kunya, tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni su ci gaba da ba da gudummawa, a kuma riƙa karɓar baƙuncin zagayen farko na gasar ƙasa a gida. Martin ya ba su duk wannan. Magoya bayansa na wani sashe na filin, da ke kiran kansu dabbobin sashen B, har al'ada suka kafa ta rera taken ƙasar Kanada a zango na biyar, abin da baƙo ba ya gane dalilinsa. Jami'ar kuma ta saba da dogon zama: Bobby Bowden ya riƙe ƙungiyar ƙwallon ƙafarta daga 1976 zuwa 2009, shi ma sai a 1993 ya fara cin kofi. Ka kuma duba ta fuskar mai yanke hukunci. Idan ka sallami mutumin da ke kai ka cikin takwas na ƙarshe kusan duk bayan shekara biyu, wa za ka kawo? Ba wai babu masu gunaguni ba. Akwai su, kuma muryarsu ta ƙaru duk lokacin da maƙwabta suka ɗaga kofi, Miami sau huɗu, Florida kuma a 2017. Amma a 2005 jami'ar ta sa wa filin sunansa yana kan aiki, ginin da ke kewaye da filin kuma yana ɗauke da sunan Dick Howser.

Ƙarshen aikinsa ya zo da abin da ya fi kowace hujja nuna irin kocin da yake. Ranar 5 ga Mayu 2018, a gidan Clemson, ya ci wasa na 1,976 da 3 da 2 bayan zango 13, ya wuce Garrido mai riƙe da tarihin yawan nasara a lokacin, wanda ya rasu a watan Maris na shekarar. Sai ya sanar cewa 2019 ce ta ƙarshe. Ƙungiyar 2019 ba ta cikin masu ƙarfinsa. Ta yi ta tuntuɓe a tsakiyar kaka, ta shiga gasar ƙasa da kyar da siɗin goshi, cikin huɗun ƙarshe da aka ɗauka, da nasara 36, ke nan duka tarihin biyu, na 40 da na shiga gasa, sun kusa yankewa a shekarar bankwana. Aka tura su gidan Georgia suka cinye rukunin ba a doke su ba. Aka tura su Baton Rouge, gidan LSU, filin da baƙi ke tsoro, suka ci na farko wanda ya cika 40, suka ci na biyu 5 da 4 a zango na 12 da bugun Drew Mendoza. A Omaha suka doke Arkansas 1 da 0, Michigan ta cinye su 2 da 0, Texas Tech ta fitar da su 4 da 1. Maki biyu a wasa uku. Masu jifansa sun yi aikinsu a wannan karon, sandunan ne suka yi shiru, yadda na bayyana maka a sama.

Abin da ya biyo baya ya amsa rabin tambayarka. Ɗansa, Mike Martin ƙarami, wanda ya daɗe yana mataimakinsa, shi ya gaje shi. Annobar korona ta katse kakar 2020, a 2021 aka ci 31, a 2022 aka ci 34, jami'ar nan da ka ɗauka mai haƙuri ce ta sallame shi. Ta kawo Link Jarrett, wani tsohon ɗan wasan Martin, a kakarsa ta farko, 2023, ƙungiyar ta ci 23 aka cinye ta 31, ta rasa gurbin gasar ƙasa bayan zuwa 44 a jere. Fili ɗaya, rana ɗaya, tallafin jiha ɗaya. Jarrett ya farfaɗo da ita ya kai ta Omaha a 2024, amma Martin bai gani ba, ya rasu ranar 1 ga Fabrairu 2024 yana da shekara 79, bayan fama da cutar mantuwa ta Lewy. Jami'ar ta je Omaha fiye da sau 20, ta fi kowace jami'a yawan zuwa ba tare da kofi ba.

Ko za a karya tarihin nasa? Ina shakka ƙwarai. Aikin da ya yi ba shi ne aikin da ake yi yanzu ba. Daga 2021 ɗan wasa yana iya sauya jami'a ya buga nan take ba tare da zaman shekara ba, kuma yana iya karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa, saboda haka koci ba ƙwararru kaɗai yake tsoro ba, har da maƙwabcin da ya fi shi masu ba da kuɗi. Albashin kociyoyi ya hau, haƙurin shugabanni ya ragu daidai da hawan. Ga iyakar wasa 56 kafin gasa. Wanda zai kamo shi sai ya sami babbar kujera yana ɗan shekara 35, ya riƙa cin wasa 50 duk shekara ba fashi, ba a kore shi ba, bai gaji ba, har ya kai 75, kuma a ranar ma da sauran 29 a gabansa.